Gangirwal a damina: inda sanyi ya fi tsayin dutse haɗari

Wanda ya tashi a Kano ko Yola, inda rana ce abar gudu, da wuya ya yarda cewa sanyi na iya hallaka mutum a ƙasar nan. A kan Chappal Waddi kuwa, dutse mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419 a kan iyakar Jihar Taraba da Kamaru, maganar ba tatsuniya ba ce. Mutanen yankin na kiransa Gangirwal, sunan da ake fassarawa da dutsen mutuwa.

Dutsen na cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar, mai hedikwata a garin Serti. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da ɗan jagora da 'yan dako, ana kwana a tanti. Galibi da rani ake zuwa, tsakanin Disamba da Maris. Sai dai damina ce ke fito da kyawun wurin, ciyawa kore shar, gajimare na ratsa kwaruruka, kuma wannan kyau ne ke jan masu ƙarfin hali.

Duk hawan mita 1,000, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6. Wannan kaɗai ba ya kisa. Matsalar takan fara ne idan ruwa ya jiƙa tufafi, iska kuma ta taso. Jiƙaƙƙen tufa yana zuƙe ɗumin jiki, iskar tana kwashe ɗan abin da ya rage. Da zarar zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum ya shiga hatsari: rawar ɗari, nauyin harshe, yawan tuntuɓe, sai ruɗewa. Mafi muni shi ne rawar ɗarin ta tsaya alhali jiki bai ɗumama ba, domin abokan tafiya kan ɗauka sauƙi ne ya samu.

Rigar auduga da wandon jins, tufafin da aka fi sabawa da su, su ne mafi cutarwa a nan, don suna shan ruwa su riƙe. Rigar ulu da rigar ruwa sun fi su, sannan a ƙulle busassun kayan kwana a cikin leda, kada a taɓa su sai an shiga tanti.

Wurin kafa tantin ma sai an yi dabara. Ƙololuwar tudu gidan iska da tsawa ce. Bakin rafi kuma yaudara ce: ruwan da aka tsallaka da safe a idon sawu kan iya kai ƙirji kafin la'asar, in an tafka ruwa a sama. Ga hazo da kan rufe hanya cikin 'yan mintoci, a wurin da sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne, asibiti mafi kusa kuma yana can nesa, bayan doguwar tafiyar ƙafa cikin taɓo.