Daga Jos Zuwa Jidda: Me Ke Cinye Lokacin Tafiya?

Idan aka ja layi miƙaƙƙe daga Jos zuwa Jidda, nisan bai wuce kilomita 3,500 ba. Jirgin fasinja na zamani yana cin kimanin kilomita 850 a awa guda, don haka a lissafi awa huɗu da 'yan mintuna sun isa. Amma maniyyacin da ya fito daga Unguwar Rogo ko Bukur ya san cewa tafiyarsa ta fi haka nesa ba kusa ba.

Tun daga gida ake fara asarar lokaci. Filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang galibi zirga-zirgar cikin gida yake yi, saboda haka mai fita ƙasar waje yakan fara da mota. Daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce, kusan daidai da abin da jirgi ke ɗauka wajen ƙetare Chadi da Sudan da Bahar Maliya gaba ɗaya. Wannan abin takaici ne ga birni mai girman Jos.

Shi kansa tsaunin Jos yana da nasa hukunci. Heipang na bisa tudun da ya haura mita 1,200, inda iska ba ta da kauri kamar ta Legas. Fukafukai da injin ba sa samun abin riƙo sosai, sai jirgi ya buƙaci doguwar hanyar gudu kafin ya ɗaga, ko kuma a rage masa kaya, musamman da tsakar rana.

A sama ma ba kullum ake bin layin miƙe ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya suka koma zagaye. Tafiya ta ƙaru da awanni, mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi hukumar alhazai ta ƙasa (NAHCON) ta ƙara kuɗin kujera.

Sudan ɗin nan ita ce hanyar kakanni. Kafin zuwan jirgi, alhazai kan bi ta Borno da Wadai da Darfur a ƙafa ko bisa jaki, suna yada zango suna noma don neman guzuri, har su kai gaɓar teku a Suwakin. Wasu sun shafe shekaru a hanya, wasu ba su taɓa komowa ba. Zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903.

Sai batun agogo, wanda ke rikita masu zuwan fari. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa biyar a sama zai sauka ƙarfe 5 na yamma agogon Jidda, alhali a Jos ƙarfe 3 ne.