Dariya Mai Ɗaci a Ƙagaggen Labarin Tarihi: Misali Daga Ganɗoki

Akwai wani nau'in barkwanci da mai karatu zai yi dariya, sai daga baya ya ji ta tsaya masa a maƙogwaro. Shi nake kira dariya mai ɗaci. A ganina babu inda ya fi zama daram kamar a labarin da aka gina kan tarihi, domin mai karatu ya riga ya san yadda abin ya ƙare.

Mu ɗauki Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafai 5 da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Tauraron jarumi ne mai cika baki, kullum kirari yake yi wa kansa, kullum maza na zuba a gabansa. To amma wane yaƙi yake ba da labari? Turawa sun ci Kontagora a 1901, sun ci Sakkwato a 1903, kuma a shekarar nan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Wato duk faɗin ran Ganɗoki, ɓangarensa ne ya sha kashi. Marubucin bai taɓa wannan ba ko kaɗan. Sai bayan an gama cin ƙasar ya tura tauraronsa gabas tare da ɗansa Garba Gagare, can cikin aljanu, inda takobi ke da sauran amfani. Nan ne ɗacin yake: mutumin da bindiga ta kora daga gida ya koma neman nasara a inda ba mai shaida.

Mu da muka koyi Hausa a aji mukan shagala da buɗe ƙamus a kan kalmomin kirarin, mu wuce wannan. Kirarin kuwa, a ce da shi a bayyane, ya fi daɗin ji. A takarda rabinsa ake samu.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar guda, bai bi wannan hanya ba. Uwa ce ke ƙetare Sahara tana neman ɗanta har ita ma ta faɗa cikin bauta. Ba a saka raha a nan ba, kuma da an saka, da ta zama rashin imani.

Ga mai son gwada alƙalaminsa, abin lura shi ne inda ake ajiye ƙaryar. Shekara da wuri da wanda ya ci yaƙi, a bar su yadda tarihi ya ajiye su. Ƙarin gishirin a sa shi a bakin tauraro, ya yi ta zuba, marubuci ya ja bakinsa ya yi shiru. Idan ka sa Ganɗoki ya kori Turawa a Burmi, ka rubuta tatsuniya, kuma ba wanda kirarinsa zai sake ba tausayi.