Norobairos: Bin Sawun Amai da Gudawa a Lambatun Kano

A Kano, da zarar amai da gudawa ya kwantar da mutane da yawa lokaci guda, sunan da ke fara zuwa baki shi ne kwalara. Akwai kuwa ƙwayar da ta fi kwalara yawan kamu nesa ba kusa ba, wato norobairos, wadda ake ƙiyasta tana kama mutum miliyan 685 a duniya duk shekara, ta kashe kimanin 200,000. Sunanta ya samo asali ne daga garin Norwalk na jihar Ohio a Amurka, inda ta ɓarke a wata firamare a 1968, kafin masanin kimiyya Albert Kapikian ya gano ta a 1972.

Ƙwaya kaɗan ta isa ta kayar da ƙato. Ciwon na bayyana cikin awa 12 zuwa 48, ya yi kwana 1 zuwa 3 ya lafa, amma wanda ya warke zai iya ci gaba da zubar da ita a bayan gida har mako biyu ko fiye. Sanitaiza ba ya yi mata wani abin kirki, sai sabulu da ruwa, da kulorin a banɗaki. Allurar rigakafinta ba ta fito ba tukuna. Ta rotabairos, wata ƙwayar gudawa daban, da Nijeriya ta fara yi wa jarirai a 2022 ba ta kare mutum daga norobairos.

Saurin kamunta ne ya sa take son cunkoso. Jami'o'in Amurka da Turai sun sha fama da ita a ɗakunan kwanan ɗalibai. Duk wanda ya ga ma'aikatan masana'antun Sharada, Challawa ko Bompai sun yi dafifi wajen masu abinci da rana, ana wanke hannu a roba ɗaya, ana karɓa-karɓar buta, ya san yanayin ɗaya ne.

A nan binciken ƙwayoyin halitta yake da rana. Norobairos dangi-dangi ce, kuma tana sauya kama. Dangin GII.4 ya mamaye duniya shekaru da dama, musamman samfurin Sydney na 2012, sai ga GII.17 ya yunƙuro a Asiya a 2014. Idan aka karanta ƙwayar marasa lafiya goma aka tarar iri ɗaya ce sak, zargi zai koma kan tushe guda, watakila hannun mai girki ɗaya. Idan kuwa aka ga dangi barkatai, to a duba ruwa, domin alama ce ta cewa najasar jama'a ta shiga rijiya ko bututu. Maganin biyun ya sha bamban.

Abin da ke ci mini rai shi ne Kano ta riga ta iya rabin aikin. Tun 2011 ake ɗibar ruwan lambatu a birnin don farautar ƙwayar shan-inna. Masana kuma sun daɗe suna auna kuromiyam ɗin da kamfanonin fata ke zubarwa a kogin Challawa, da dattin Bompai da rafin Getsi ke kwasa zuwa kogin Jakara, inda manoma ke ban-ruwan latas da ake ci ɗanye. Kwalbar ruwan da aka ɗebo don shan-inna za ta iya nuna dangin norobairos da ke yawo a unguwa, muddin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka samu kayan gwaji da kuɗin gudanar da shi duk wata.