Kwamfuta a jikin bango: darasin da ƙurar Kafanchan ta bayar tun kafin a shiga yayin

Akwai wani yayi da ya samu karɓuwa a tsakanin masu haɗa kwamfuta da hannunsu: a jefar da akwatin ƙarfen nan da aka saba gani a ƙarƙashin teburin ofis, a baje kayan cikinsa a kan faifan katako ko na ƙarfe, a kafe a bango kamar hoton biki. Babban allo a tsakiya, katin hoto a gefe, fankoki na juyawa a fili, wayoyi a jere tsaf. Abin ya kai har kamfanoni sun shigo ciki. A 2015 kamfanin Thermaltake na Taiwan ya fitar da wani buɗaɗɗen firam mai suna Core P5 wanda ake iya ratayewa. Ma'aikacin da ya tara kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya daga kasuwar Banex a Abuja, ko ya yi odarsu daga Kwamfuta Bilej a Ikeja, ba abin mamaki ba ne idan hotunan nan suka ɗauki hankalinsa, musamman in yana shirin kai na'urar gida, can Kudancin Kaduna, domin yara masu karatu.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Zafi ne babban abokin gabar kwamfuta, kuma akwati mai arha yakan riƙe shi kamar tanda. Idan ƙwaƙwalwar na'urar ta doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa wata kwamfutar ke nauyi da rana tsaka. A fili kuwa iska na ratsa ko'ina. Ga sauƙin gyara, ga teburi ya samu sarari, ga kuɗin akwati ya huta a aljihu.

Sai dai tambayar da ta dace ita ce: a wane gari aka ɗauki waɗannan hotuna? Mafi yawansu daga ɗakuna ne masu rufaffun tagogi da na'urar sanyaya ɗaki, a ƙasashen da ba su san hazon hunturu ba. Mu kuwa muna da garin da ya riga ya gwada kwamfuta da yanayinmu, ya kuma fito da amsa tun shekaru ashirin da suka wuce.

Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a, an fi saninta da mahaɗar jirgin ƙasa da ta raya garin tun shekarun 1920. Amma a unguwar Bayan Loko akwai Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, kuma John Dada na cikin jagororinta. Ta fara da bai wa matan karkara ƙananan rance, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta, har ta samu lambar yabo ta Hafkin a 2001 saboda wannan aiki. Kwamfutocin da take amfani da su na hannu ne, waɗanda aka gama aiki da su a Turai aka gyara aka kawo. Nan matsalar ta bayyana. An ƙera su ne don ofisoshi masu sanyi da tsayayyiyar wuta, sai ga su a garin da zafi da ƙura da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa suka yi musu taron dangi.

Abin da gidauniyar ta yi shi ne ya kamata mai sha'awar bango ya tsaya ya duba. Ba ta ce a buɗe na'ura don ta sha iska ba. Ta haɗa gwiwa da kamfanin ExpLAN na Ingila a kan wata kwamfuta da aka raɗa wa suna Solo, wadda aka tsara ta ci wutar da ba ta kai wat 10 ba, ta yi aiki da hasken rana, kuma babu abin da ke juyawa a cikinta, ba fanka, ba faifan ajiya mai kewayawa. Hikimar a bayyane take: na'urar da ba ta cin wuta da yawa ba ta yin zafi da yawa, wadda ba ta zafi ba ta buƙatar fanka, wadda ba ta da fanka kuwa ba ta zuƙo ƙura. Solo ba ta cika kasuwa ba, amma tunanin da ya haife ta shi ne ake gani a yau a wayoyin hannu da ƙananan kwamfutoci irin su Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012.

Kudancin Kaduna na da abokan gaba biyu, kowane da lokacinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na sauke ƙura mai laushi kamar gari, tana toshe tsakanin siraran ƙarafan da ke janye zafi daga ƙwaƙwalwar na'ura. Bushewar iskar kuma na tara wutar nan da mutum ke ji ta ɗan tsunkule shi idan ya taɓa ƙofar mota. Ga ɗan Adam wasa ce, ga ƙwayar ram kuwa tana iya zama ajali. Da damina ta kankama, a yankin da ruwansa ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba, ƙurar da ta kwanta a kan allo sai ta sha laima, ta fara cin ƙarfe, wani lokaci ta haɗa wuta tsakanin layukan da bai kamata su haɗu ba. Ba a ma zo maganar tsaka da kyankyaso ba, waɗanda ke son ɗumi kamar yadda kowa ya sani.

Akwatin da ake rainawa yana ayyukan da ba a gani. Yana tilasta wa iska bin hanya guda, daga gaba zuwa baya, ta kan sassan da ba su da fankar kansu. Yana haɗa duk ƙarafan na'urar da wayar da ke kai rarar wuta ƙasa. Yana rage katsalandan ga rediyo da sauran na'urori. Sannan yana tsare ɗan yatsan yaro daga fanka, da kofin shayi daga allo.

Wanda duk da haka ya ƙudurta sai ya yi, to ya yi da ilimi. Babban allo samfurin ATX, ma'aunin da kamfanin Intel ya fitar a 1995, tsawonsa milimita 305 ne, faɗinsa 244. Ƙaramin samfurin Mini-ITX kuwa 170 ne ta kowane gefe, kuma shi ya fi dacewa da bango saboda rashin nauyi. Kada a taɓa manna allo kai tsaye a kan faifai. Akwai 'yan ƙafafun tagulla masu tsawon kimanin milimita 6 da ke ɗaga shi, domin bayansa cike yake da ɗigon dalma, kuma idan suka taɓa ƙarfe an gama. Faifan alminiyam ya fi katako, don ana iya haɗa shi da wayar ƙasa, gara kuma ba ta cin sa. Katin hoto yana da nauyi, bai kamata a bar shi yana reto a raminsa ba. Ana sayen wayar tsawaitawa ta musamman a kwantar da shi a gefe, a ɗaure da noti. Ajiyar bayanai kuwa a zaɓi SSD, wadda ba ta da abin da ke motsi.

Zaɓen bangon ma ilimi ne. Ba bangon da ke fuskantar taga ba, ba wanda ke jiƙa da damina ba, ba na kusa da madafa ba, inda hayaƙi da maiƙo ke mayar da ƙura danƙo. A ɗaga shi sama da inda hannun yaro zai kai. Mafi kyau a sa murfin gilashi ko na roba mai haske a gaba, a kewaye gefuna da raga mai ƙananan ido. Mai karatu zai ce ai wannan akwati ne aka sake ƙerawa, kuma gaskiyarsa ne. Bambancin kawai shi ne wannan yana rataye.

Batun wuta ne ba ya karɓar ganganci. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma akwatin da ke rarraba ta ga sassan kwamfuta shi kaɗai ne ba a buɗewa ko da wasa, domin yana riƙe caji mai kisa bayan an zare soket. Gidaje da yawa soket ɗinsu na da rami uku amma na ukun bai haɗu da komai ba, don haka a kira mai aikin wuta ya gwada kafin a kafa ƙusa ko ɗaya. A yankin da tsawa ke sauka a kan duwatsun Kagoro duk damina, sitabilaiza da UPS ba kayan ado ba ne, zare soket idan hadari ya haɗu kuma ya fi su duka.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai ƙarin kashedi guda. Kwamfutar ofis dukiyar hukuma ce, lambarta na rubuce a jikin akwatin nan da kuma a rajistar sito. Wanda ya warware ta don ƙawata bango zai yi wa masu binciken kuɗi bayani ranar ƙidayar kaya. Idan matsalar ƙuncin teburi ce, akwai ƙananan kwamfutoci da ake ɗaurawa a bayan sikirin ta ramukan noti huɗu na ma'aunin VESA, masu tazarar milimita 75 ko 100, a rufe suke kuma wutarsu kaɗan ce, har inbata ta gida na iya ɗaukarsu tsawon dare.

Wanda ya riga ya rataye tasa kuwa, aikinsa na hunturu shi ne sharewa duk mako biyu: a kashe, a zare soket, a taɓa ƙarfen faifan don sauke wutar jiki, a riƙe fanka da yatsa kada ta juya, sannan a hura iska daga nesa kaɗan. Ba a goge allo da tsumma, ba a kuma hura shi da baki.