Toyi da Gobara a Dazuzzukan Birnin Kudu da Gwaram

Bahaushe ya bambanta gobara da toyi. Gobara aukuwa take yi, toyi kuwa da niyya ake yinsa. Amma a wajen masana gandun daji, babban abin lura shi ne lokacin da aka cinna wutar.

Idan aka sa wuta da kaka, watau wajen Nuwamba, ciyawa tana da sauran ɗanye, sai wutar ta bi ƙasa a hankali, ta bar ɗorawa da marke da ransu. Wutar bazara kuwa, da ta tarar da busasshiyar gamba ga iska, har ƙananan itatuwa take cinyewa. Gwajin da aka fara a Olokemeji, kudu maso yammacin Nijeriya, a 1929 ya tabbatar da haka: filin da ake ƙonewa a makare shi ya fi asarar itatuwa.

Sai dai Sundimina ba Olokemeji ba ce. A nan damina gajeriya ce, yawancin ciyawar kuma ba ta tohuwa sai ruwa ya sauka. Abin da wuta ta ci da kaka, harawar shanun Fulani ce ta rani, da gambar masu saƙar zana.