Tarihin Kujerar Akbishop Ta Birnin Sur

Birnin Sur, wanda ake kuma kira Taya, yana bakin Bahar Rum a kudancin ƙasar Labanan. A cikin shekarar 1124 ne mayaƙan Salibiyya suka ci shi da yaƙi, da taimakon jiragen ruwan mutanen Benis, suka kafa kujerar Akbishop ta ɗarikar Katolika a cikinsa.

Tun kafin kujerar ta zauna da gindinta rigima ta tashi. Bisa tsohuwar al'ada, Sur tana ƙarƙashin shugaban cocin Antakiya ne, amma yanzu ga ta a cikin masarautar Ƙudus, sarakunanta kuwa ba su yarda limamansu su riƙa karɓar umarni daga wata ƙasa ba. Aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru, har Paparoma Innosan na Biyu ya yanke hukunci cewa Sur ta bi Ƙudus. Sai dai hukuncin ya raba lardin biyu. Akka da Saida da Beirut suka bi Sur, Tarabulus da Jubail kuwa suka ci gaba da bin Antakiya.

Daga cikin waɗanda suka hau kujerar, babu wanda ya kai Wiliyam na Sur suna. An haife shi a Ƙudus, ya yi kusan shekara ashirin yana neman ilmi a Faransa da Italiya, aka naɗa shi a 1175. Shi ne malamin yarima Baldwin, shi ne kuma ya fara lura cewa yaron ba ya jin zafi idan abokan wasansa sun mintsine shi, alamar kuturtar da ta kashe shi yana saurayi. Littafin tarihin da Wiliyam ya rubuta yana cikin manyan madogaran masana game da wannan zamani.

Da Salahuddin Ayyubi ya karya rundunar Nasara a Hittin a 1187, ya karɓe Ƙudus, Sur ba ta faɗi ba. Akbishop Joshiyas ya haye teku ya kai wa Turai labari, abin da ya jawo yaƙin Salibiyya na uku. Daga nan babban cocin Sur ya zama wurin naɗin sarakuna.

Ƙarshenta ya zo a 1291, lokacin da Mamalikan Masar suka ci Akka. Mutanen Sur suka watsar da garin ba tare da yaƙi ba. Kangon cocin yana nan har yau.