Kafin a Kama Gida, a Leƙa Makarantar Unguwa

Yau zancenmu a kan neman gida ne, musamman ga masu sauraronmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Na san da yawa daga cikinmu a gidan gado muke zaune, inda aka kai mu nan muka tarar da uwar miji da facaloli, ba wanda ya tambaye mu wace unguwa muke so. To amma zamani ya kawo tashi. Ma'aikaci a yi masa canjin wurin aiki daga Gwiwa zuwa Babura, malamar asibiti a kai ta Roni, ɗan kasuwa ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi fili a bayan gari, wani kuma gida ya yi musu kaɗan ya fita neman haya. A irin wannan lokaci maigida kan tambayi kuɗin haya, da ruwa, da wuta, da nisan masallaci da kasuwa. Makarantar da yara za su shiga kuwa sai an sauke kaya an ɗaura labule sannan a tuna da ita. Alhali ke uwargida, ke ce za ki tashe su da asuba, ke ce za ki ga littafinsu da yamma, kuma ke ce za ki fara gane yaro yana ƙaruwa ko zaman benci kawai yake yi.

A Amurka wannan magana ita ce kan gaba wajen sayen gida. Can makarantar gwamnati ta unguwa ce, adireshin gidanka shi ke nuna makarantar da ɗanka zai shiga, kuma kaso mai tsoka na kuɗin tafiyar da makarantar daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Shi ya sa gidan da ke kusa da makaranta mai kyau yake tsada. A Ingila ma idan masu nema suka yi wa makaranta yawa, sau da yawa kusancin gida ake dubawa. Mu nan ba mu da wannan ƙa'ida mai tsauri. Kina zaune a Kanti kina iya kai ɗanki firamaren cikin gari idan akwai gurbi, hedimasta ba zai ce sai kin kawo takardar gida ba. Sai dai abin da doka ba ta ɗaure ba, ƙafar yaro ta ɗaure shi. Ɗan shekara shida ba zai yi tafiyar awa guda kullum cikin hunturu da zafin bazara ba. Makon farko da ɗoki zai je, wata na biyu sai ciwon ciki ya fara kama shi duk safiya. A ƙarshe dai makarantar da ke kusa da ƙofarki ita ce makarantarsa, ko kin so ko ba ki so ba.

Akwai wani ruɗi da nake so mu kauce masa. Yankinmu, alhamdu lillahi, yana da manyan makarantu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, wadda gwamnatin tarayya ta karɓa a 2007, ga makarantar koyon kwamfuta ta jiha da ake kira Infomatiks, ga sakandaren 'yan mata ta gwamnatin tarayya, sannan a 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Sai mutum ya ce ai garin ilimi ne, ko'ina ka zauna daidai ne. A'a. Waɗannan duk da jarrabawa ake shigarsu, kuma ɗalibansu daga sassa daban-daban na ƙasar nan suke zuwa. Ɗanki na iya tashi yana hangen katangar jami'a daga tsakar gida, amma idan bai iya karatu a aji uku na firamare ba, katangar nan ita ce iyakarsa. Don haka ƙaramar makarantar nan ta bayan layi ita ce abar dubawa.

To yaya ake duba ta? Yawancinmu fenti muke kallo. A ga sabon gini mai jan kwano da allon suna a bakin titi, a ce makaranta ta yi kyau. Gini yana da amfaninsa, ban musa ba, yaron da ke zaune a ƙasa rufi na yoyo ba zai natsu ba. Amma gini ba ya koyarwa. Ki sa mayafinki ki je da kanki, ko ki roƙi maigida ku je tare, kuma a je da safe wajen ƙarfe takwas ba tare da an sanar ba. Ki tsaya ki ƙirga azuzuwan da ke da malami a tsaye gaban allo, da waɗanda monita ne kawai ke riƙe da tsumagiya yana rubuta sunan masu surutu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE. Kowa ya san a wurare da yawa aji ya zarce haka nesa ba kusa ba, musamman aji ɗaya da aji biyu a cikin gari. Amma idan kin riƙe wannan adadi a ka, kin sami ma'auni. In son samu ne ki sake komawa ranar kasuwar garin, ki kuma tambaya yadda makarantar take da damina lokacin noma. Makarantar da ke cika ranar kasuwa, malamai da yara, wannan an riƙe ta da gaske.

Gwajin da ya fi kowane sauƙi kuwa ko shiga makarantar ba ya buƙata. A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara wani bincike a 2005 da ake kira ASER. Maimakon su tambayi hukuma, sai su bi ƙauyuka gida-gida, su miƙa wa yaro takarda su ce karanta. Shekara da shekaru abin da suke samu shi ne kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin da aka rubuta don 'yan aji biyu, alhali sunansu na cikin rajista kuma suna zuwa makaranta. Ke ma za ki iya yin irin wannan. Idan kin je ganin gida ai dole ki shiga gaida maƙwabta. Ki nemi yaro ɗan aji uku ko huɗu, cikin wasa da dariya, ki ba shi ɗan rubutun Hausa mai sauƙi ya karanta miki, ki tambaye shi in an cire 17 daga 42 saura nawa. Ki lura fa, akwai karatu akwai hadda. Yaro na iya rera abin da ke allo tun daga sama har ƙasa, amma ki nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya yi shiru. Kada ki yanke hukunci da yaro ɗaya, kowane gida akwai mai kaifi akwai mai nauyin kai. Ki gwada uku ko huɗu daga gidaje daban-daban. Ki karɓi littafin rubutunsu ki duba ko akwai jan biro, da kwanan watan da malami ya duba na ƙarshe. Uwargidan da ba ta yi boko ba ta tafi da ƙanwarta ko babbar 'yarta. Kuma don Allah a yi shi da hikima, kada a kunyata ɗan mutane a gaban uwarsa tun ba a zama maƙwabta ba.

Sai batun 'ya'ya mata, wanda a nan ne nisa ya fi yin ɓarna. Shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Firamare kusan kowane gari mai ɗan girma yana da ita. Ƙaramar sakandare ba haka ba ce, sau da yawa ƙauyuka da dama ne ke tarayya a guda ɗaya. Yarinya ta gama aji shida tana shekara goma sha biyu, ta fara girma, sai a ce kullum ta bi hanyar gona zuwa wani gari. Namiji a saya masa keke. Ita kuwa uba ya ce hankalinsa bai kwanta ba, kuma wallahi ba za ka ga laifinsa ba. Daga nan sai talla, sai zancen aure. A ƙasar Roni da Gwiwa, inda garuruwa suke warwatse tsakanin duwatsu da gonaki, wannan lissafi ya fi muhimmanci, balle da damina idan ruwa ya cika kwari ya yanke hanya. Saboda haka ko 'yarki tana aji ɗaya yanzu, ki tambaya: ina sakandaren je-ka-ka-dawo mafi kusa, a haɗe ake da maza ko a ware, kuma 'yan matan unguwar nan nawa ne ke zuwa? Idan akwai ayarin da za ta bi, rabin damuwa ta kau. Ki leƙa banɗaki, ki ga ko na mata daban yake, yana da ƙofa, akwai ruwa. Mu mata mun san dalilin da ke sa budurwa ta ƙi zuwa makaranta kwana huɗu ko biyar a wata idan babu wannan. Ki tambaya ko akwai malamai mata, don akwai maganar da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji ba.

Idan kina son sanin wanda ke riƙe da makarantar, ki tambayi kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. Ana sa mai unguwa ko wakilinsa, da hedimasta, da iyaye, da wakilan mata a ciki. Wata makarantar kwamitin a takarda kawai yake. Wata kuwa za ki ji an ce su ne suka gyara famfo, su ne suka je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma neman ƙarin malami. Tambayi matan unguwa wace ce wakiliyarsu, in sun san sunanta alama ce mai kyau. Kada kuma a manta da Islamiyya da makarantar allo, a duba ko lokutansu ba sa cin karo da na boko.

Na san wata za ta ce, duk wannan na mai zaɓi ne, mu haya mai araha muke nema. Gaskiya ne. Amma a yi lissafin da kyau. Fili ko haya a sabuwar unguwa ta bayan gari ya fi sauƙi, sai dai galibi gidaje ne ke riga makaranta zuwa irin waɗannan wurare. Ki ɗauki kuɗin mashin zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, zango uku a shekara, ki ninka da yawan yaranki, ki ɗora a kan kuɗin hayar. Wani lokaci gidan da aka ce ya yi tsada kusa da makaranta shi ne mai arahar. In kuwa aka ce za a kai su makarantar kuɗi, ita ma a yi mata gwajin nan na karatu, don tsadar kuɗin zango da kyan yunifom ba su ne shaida ba. Akwai kuma tsohuwar dabararmu ta kai yaro riƙo wurin goggo ko kaka a cikin gari saboda makaranta. Tana aiki idan mai riƙon ta san karatu aka kawo shi yi, amma a yi magana a fili tun farko game da talla da aikin gida, musamman in 'ya mace ce.

Yadda za a shigar da maganar wurin maigida kuwa, kin fi ni sanin mijinki. Abin da zan ce kawai, kada ki bari sai ya biya kuɗin shekara sannan ki ce makaranta ta yi nisa. Tun ranar da ya ce ya fara cigiyar gida ki roƙe shi a haɗa da wannan, ki kawo masa abin da kika gani da idonki, azuzuwa nawa ke da malami, yara nawa suka iya karanta miki takarda. Sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take farawa, don haka in tashin ba na dole ba ne a daidaita shi da dogon hutu, a kuma karɓo wa yaro takardar canjin makaranta da sakamakonsa na ƙarshe daga tsohon hedimasta kafin a ɗaure kaya.